Mai Sharhin Tseren Mota a Bakin Ƙorama

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sharhin tseren mota a gidan rediyonmu na Madawa, kuma ban taɓa tuƙa mota ba. Babur ma a baya nake zama. Ban ɓoye wa kowa ba, babu dai wanda ya tambaye ni.

Aikina na ainihi karanta labarai ne da rana, daga takardar da aka tace. Amma ranar Laraba da la'asar ina da rabin awa tawa ta kaina, ina cika ta da abin da na ga dama. Nakan fara da tseren motoci na ƙasashen waje, wanda nake tsinta a waya: wa ya zo na ɗaya, wa ya kife, wace taya ce ta fashe. Daga nan in ba da labarin ƙirƙira irin na kimiyya, wani daga littattafan da na karanta tun ina lakwal, wato makaranta, wani daga kaina: garin da aka rufe da gilashi a wata duniya, motar da ke tafiya babu direba, mutanen da ke barcin shekara ɗari a cikin jirgi. Mintoci goma na ƙarshe kuma in faɗi ra'ayina a kan abin da ake ciki, tsadar mai, rufe iyaka, samarin Adar da ke tafiya cirani su bar wa tsofaffi noma. Ni dai a wurina hira ce.

Sai dai murya ɗaya gare ni. Matar da ta koya mana karatun labarai a Yamai ta hana mu cewa "ina jin" ko "wataƙila". Ta ce mai sauraro ba ya ganin fuskarka, saboda haka kada muryarka ta yi rawa, kuma a ƙarshen kowace jimla ka sauke ta ƙasa kamar ka ajiye tulu. Na koyi wannan da kyau. Da muryar da nake sanar da ganin watan azumi, da ita nake bayanin yadda ake shan kwana a guje. A ƙauyukanmu kuwa, abin da rediyo ta faɗa an riga an bincika shi. Ba a musu da shi, sai dai a maimaita.

Wata Laraba a tsakiyar damina na ga hoton bidiyo na wani tsere a sahara, inda motoci suka ratsa wani kogi ɗaya bayan ɗaya. Na kalle shi sau uku, na karanta abin da aka rubuta a ƙasansa, na shiga ɗakin watsa shiri na yi bayani. Na ce a sa mota a ƙaramar giya, a shiga a hankali, kada a ɗaga ƙafa ko kaɗan; ruwan zai taru a gaban mota ya bar rami a bayansa, injin yana cikin wannan ramin, ba zai sha ruwa ba. Da na zo wajen ra'ayi sai na haɗa da mu. Na ce duniya na ƙera motar da ba ta bukatar direba, mu kuwa muna wuni a bakin ƙorama muna kallon karan awon ruwa. Na ce rabin zaman da muke yi a can tsoro ne, ba ruwa ba. Jimlar ta yi mini daɗi a baki. Na tashi aiki na manta da ita.

Bayan mako biyu ƙanwata ta kira ni daga ƙauyenmu, kusa da Garhanga, ta ce fitsarin Baba ya tsaya tun jiya. Na hau kabu-kabu da sassafe, hantsi ya yi mini a can. Na tarar da shi a ɗakin likitan garin, a kishingiɗe, ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwaryar da aka kife. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ce ya gwada sa masa robar fitsari sau biyu ba ta shiga ba, jini ya fara fitowa, ba zai sake gwadawa ba. Ya ce a kai shi babban asibiti yau ɗin nan, kada rana ta faɗi yana haka, don ƙoda ba ta jure wannan. Motar likita ta tafi da mai naƙuda tun asuba. Abin da ya rage shi ne motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya da za ta Buza, daga can mu nemi ta Madawa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, ko ya yi gyaran murya in juyo. Ranar ma da ya gan ni gyaran muryar ya yi, ya rufe ido.

Na yi wa direban sallama ina roƙon a bar mana gaba. Ban gama jimlar ba ya saki igiyar da yake ɗaure buhuna da ita, ya zuba mini ido.

"Sake magana," ya ce.

Na sake.

"Kai na. Wallahi kai na mai Laraba."

Mutum ne da zai yi shekara arba'in, gajere, mai wushirya, mai saurin dariya. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya sauke mutum biyu daga gaba ya mai da su baya, ya cire rigarsa ta sama ya naɗe ya sa wa Baba a ƙugu. Ya gaya mini cewa shirye-shiryena suna cikin katin wayarsa, wani mai cajin waya a tashar Buza ne ke ɗaukar su yana zuba wa direbobi. Ya ce shekararsa goma sha tara a kan wannan hanya, amma sai da ya fara jin shirina ya san yana tuƙi a makance. Na yi murmushi na gode. Wannan ita ce dama ta farko da na samu in faɗi gaskiya, na bar ta ta wuce, don ina so ya kula da mahaifina.

Hanyar jar ƙasa ce mai tsakuwa, tana bin saman tudu sannan ta gangara kwari. Da muka fita gari ya ce don tsoho zai yi sauri, kuma don ni zai yi yadda ya kamata. Inda hanyar ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi ya taka mai, yana gaya mini cewa ni na ce in an yi gudu mota kan bi saman kunyar ba ta jijjiga. Na tuna na faɗa. Motar ta rage jijjiga kuwa, amma sai bayanta ya fara lilo hagu da dama, na ji kamar ƙasa ba ta riƙe da mu. Allurar gudun motar ta mutu, tana kwance a sifili. Na zuba mata ido duk da haka, don ban iya kallon hanya ba.

Baba yana tsakaninmu. Duk ramin da muka faɗa sai ya fitar da wani ƙaramin sauti ta hanci, ba ya buɗe baki. Na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗayan na riƙe ƙofa, wadda da waya aka ɗaure ta.

Gilashin da ke bayan kanmu ya daɗe da fashewa, saboda haka mutanen baya suna jin mu. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta leƙo da kanta ta ce ita ma tana jin shirina. Ta ce tambayarta ɗaya: mutanen garin gilashin nan, in babu ruwan sama a wurinsu, gero daga ina suke samu, kuma wa ke yi musu daka. Na ce inji. Ta ce to matansu sun huta, amma fura ba za ta yi daɗi ba. Wani ya tambaye ni ko za a buɗe iyaka kafin a cire albasa. Na ji bakina yana ba shi amsa, a tsare, da dalili na ɗaya da na biyu, alhali ban san komai a kai ba fiye da shi. Muna cikin gangara a lokacin, kwana na zuwa, dutse a dama, rami a hagu. Direban ya taka birki tun kafin kwanar, ya sake shi, ya shige da gudu, ya juyo ya dube ni.

"Hakanan na, ko?"

"Haka ne," na ce. "Dubi gabanka."

Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

Ba a yi ruwa a kanmu ba ranar. Sama tas take, rana na dukan ƙarfen mota. Amma can arewa, wajen duwatsun Keita, gajimare ya yi baƙi ya zauna. Mun ji ƙoramar kafin mu gan ta, wani ruri mai kauri wanda ya rinjayi ƙarar inji.

Na san wurin. Da rani yashi ne fari mai faɗi, an shimfiɗa siminti a ƙasansa daga wannan gaɓa zuwa waccan don motoci su bi, direbobi na ce masa radiye. Ranar babu yashi, babu siminti. Ruwa ne ja kamar kunun kanwa, yana tafe da kumfa da karan dawa da rassan itace masu ɗanyen ganye. Na ga wani kututture ya juya sau biyu ya nutse, ya ɓullo can ƙasa. A wannan gaɓa akwai amalanke biyu da 'yan babura, mutane na zaune a inuwar adduwa. A waccan gaɓa ma haka.

Mutanen ƙauyen da ke bakin ƙoramar su ke da ita. Su ke ƙetarar da mutane da kaya in ruwa ya sauka, su ke cewa a shiga ko a jira. Babbansu wani tsoho ne dogo mai farar ƙasumba, ya naɗe wando har cinya. Ya kafa karan gero a bakin ruwa, ya tsuguna yana kallonsa. Wannan shi ne karan da na yi wa ba'a a rediyo. In ruwa ya ja baya ya bar karan a tsaye a laka, sai a cire a sake kafa shi a sabon bakin ruwa. Sai an yi haka sau uku a jere, ruwan bai dawo ba, sannan a fara maganar ƙetarawa.

Direban ya sauka ya gaishe shi ya tambaya. Tsohon ya ce sau ɗaya ya matsar da karan, ruwan ya dawo ya rufe wurin. Ya ce a dubi ganyen da ke tahowa, ɗanye ne, ma'ana har yanzu duwatsu na zubowa. Wataƙila la'asar, wataƙila gobe.

Direban ya ce yana ɗauke da marar lafiya wanda ba zai kai gobe ba. Ya ce motarsa doguwa ce, ya san inda radiye yake ko ido rufe, ruwan ba zai wuce saman taya ba. Tsohon ya ce ba zurfin ba ne, ƙarfin ne, kuma babu wanda ya san abin da ke ƙasa tun da ruwan ya zo. Suka yi ta yi, mutane suka taso daga inuwa suka kewaye su. Sai direban ya juyo ya nuna ni. Ya ce ga wanda ya san abin nan a ilimance, ga mai rediyo da kansa, kuma mahaifinsa ne a cikin mota. Ya ciro wayarsa ya laluba, ya ɗaga ta sama.

Muryata ta fito. Ƙaramar giya, kada a ɗaga ƙafa, ruwa zai taru a gaba. Tsaf, babu gargada. Ya bar ta har ta kai wurin da na ce rabin zaman tsoro ne, ba ruwa ba.

Na zaci tsohon zai yi fushi. Da ya yi, da na sami mafita. Bai yi ba. Ya miƙe tsaye a hankali, ya goge hannunsa a riga, ya gaishe ni da girmamawa irin wadda ake yi wa alƙali.

"Mu ba mu yi lakwal ba, Malam," ya ce. "Abin da munka gada ɗai munka sani. In kai kac ce su shiga, ba mu hana su."

Duk suka juyo suna jirana. Na ƙirga su daga baya a raina, mutum goma sha huɗu ne a bayan motar, har da mata biyu masu goyo. Wasu sun fara komawa suna hawa. Dattijuwa mai daddawa ta ɗaure zanenta da kyau ta gyara zama a kan buhu. Ba su tambayi kowa ba, sun ji rediyo.

Na taka zuwa bakin ruwa don in sami lokaci.  Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ina so in ce a shiga. Majo ya ce kada rana ta faɗi. Abin da na faɗa a rediyo ba ƙarya ba ne, na karanta shi, na ga motoci sun yi. Direban ya yi shekara goma sha tara a hanyar. Na tsaya ina jera waɗannan dalilai a kaina kamar kanun labarai, kuma sun jeru. Ƙetaren bai fi tafiyar minti ɗaya a mota ba. Ina hango tayoyin wani babur a waccan gaɓa, busassu.

Sai na ji gyaran murya.

Na koma wajen mota. Baba ya buɗe ido, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ya ji komai. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai da na sunkuya.

"Kai za ka hwaɗa musu, ko ni?"

Na ce me zan faɗa.

"Kai da jakinmu ya kada sau biyu." Ya numfasa. "Mutane na bisa motar ga. Ni na tsuhwa. Su ba su tsuhwa ba."

Na juya. Ban san da wace murya zan yi magana ba, wadda ta fito siririya ce, tana karkarwa, wasu ma ba su ji ba sai da na maimaita. Na ce ban taɓa tuƙa mota ba. Na ce ban taɓa riƙe sitiyari ba ko a tsaye, ban san inda ƙaramar giya take ba. Abin da suka ji ɗin, ni ma a waya na gan shi, a wani kogi na wata ƙasa wanda ban san zurfinsa ba, da motocin da aka ƙera don haka, babu kowa a bayansu. Na ce kada a shiga, a bi abin da mai kara ya ce.

Wani saurayi ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi ya daina. Dattijuwar ta ce, to garin gilashin fa, shi ma babu shi ke nan. Na ce babu. Ta ce dama ta yi shakkar maganar dakan nan.

Direban ya juyo. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya sa ta a aljihu. Ya je ya kashe injin, ya zagaya bayan mota ya tsuguna shi kaɗai. Na fi son ya zage ni.

Muka jira. An sauko da Baba aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, bai iya kwanciya ba, bai iya zama ba, sai ya durƙusa ya dafa kafaɗata. Aka yi azahar. Tsohon ya matsar da karan sau ɗaya, ya zauna. Na riƙa duba agogo ina duba karan, ina duba inuwar adduwa tana tsawo. Baba ya yi amai. Bayan haka ya fara maganar da ba ta kan hanya, yana tambayar ko an ɗaure akuyoyi, yana kiran mahaifiyata wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. A nan ne tsoron ya canza. Ɗazu ina tsoron in kashe mutum goma sha huɗu da bakina, yanzu ina ganin na kashe ɗaya, kuma a hankali, a kan kafaɗata. Na yi tunanin in tashi in ce na fasa, a shiga. Na san kuma yanzu babu wanda zai saurare ni, ni na cire wa kaina wannan.

Ashe direban ba zama kawai yake yi ba. Ya hau kan tudu inda waya ke kamawa, ya kira wani abokin aikinsa a Buza ya ce ya zo waccan gaɓa da mota babu kaya. Bai gaya mini ba, tsohon ya gaya wa. Haka suke yi in ƙorama ta raba hanya: mota ba ta ƙetarawa, mutane ke ƙetarawa, a yi musanyar fasinja. Na yi shekaru ina magana a kan hanyoyin nan ban san da wannan ba.

Karan ya matsa na biyu, ya matsa na uku, la'asar ta yi sanyi. Tsohon ya ce ba don mai lafiya ba tukuna, amma don marar lafiya za su gwada. Aka kawo ƙyauren ɗaki na katako daga ƙauye, aka kwantar da Baba a kai a kan gefensa, aka ɗaure shi da rawani a ƙirji da cinya. Mutum shida suka ɗauka a kafaɗa. Direban ya cire takalmansa ya karɓi kusurwa ɗaya ta gaba, babu wanda ya sa shi. Tsohon ya shige gaba da doguwar sanda. Ni aka ce in riƙe ƙugun na ƙarshe, in ja ƙafa a ƙasa kada in ɗaga ta, kuma kada in dubi ruwa, in dubi itacen da ke waccan gaɓa.

Ruwan da sanyi, ban zata ba. A gwiwa yana ture ni, a ƙugu ya zama kamar mutane da yawa sun jingina da ni gaba ɗaya. Ina jin siminti a tafin ƙafata, ina jin tsakuwa na dukan idon sawuna. Na dubi ruwan sau ɗaya, duniya ta fara tafiya gefe, na maida ido kan itacen. Ina jin tsohon yana buga sanda, ƙwas, ƙwas, a kan siminti, taki ɗaya bugu ɗaya.

A tsakiya sandar ba ta yi ƙara ba. Ta shige har hannunsa.

Ya ɗaga ɗayan hannun, aka tsaya. Ya laluba dama, babu. Ya laluba hagu, can gefen da ruwan ke fitowa, sandar ta sake yin ƙwas. Ruwan ya ci ƙasan radiye ya karya shi, abin da ya rage bai fi faɗin tabarma ba. Ta nan muka bi, a jere, a karkace, ƙyauren na tangaɗi a sama. Direban ya zame, ruwa ya kai masa wuya, bai saki kusurwarsa ba, na bayansa ya cafko shi ta wuyan riga. Baba bai yi motsi ba. Ina ganin tafin ƙafarsa kawai a saman kaina, ban san ko da rai ba.

Da muka fita na zauna a laka. Direban ya taimaka aka sa Baba a ɗaya motar, ya gaya wa abokinsa ya tafi a hankali, kuma kada ya tsaya a Buza, ya wuce da mu Madawa. Na je in yi masa godiya. Ya ce Allah ya ba tsoho lafiya, ya juya ya bi masu ƙyaure suka koma cikin ruwa.

Mun isa asibiti ana kiran magariba. Likitan bai tsaya neman hanyar roba ba, ya huda ta mara. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ruwa na zuba a cikin roba, ya daɗe yana zuba. Sai na ji Baba ya ja dogon numfashi ya ce alhamdu lillahi da muryarsa ta kullum. An yi masa aiki bayan kwana tara. Ƙodarsa ɗaya ba ta koma daidai ba, likitan ya ce awannin da aka ɓata sun taɓa ta. Yana nan da rai, yana zuwa gona ya zauna ya ba da umarni. Bai taɓa tayar mini da maganar ranar ba.

Kashegarin ranar da muka ƙetare, da safe, hoto ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, babu rubutu. Ƙoramar ce, ruwa ya janye. Simintin ya karye a tsakiya ya rufta, ramin zai haɗiye gaban mota har gilashi. A gefen hoton ana ganin hancin motar direban, a tsaye a inda ya kashe ta.

Laraba ta gaba na faɗi komai a rediyo. Na ce ban iya tuƙi ba, na janye abin da na faɗa game da ruwa, na ce a saurari masu kara. Na maimaita a Laraba uku. Mutane sun kira suna dariya, wasu sun ɗauka wani sabon labarin ƙirƙira ne. Direban bai kira ba. Na ci gaba da shirin, har yau ina ba da labarin tsere, amma yanzu nakan ce a waya na gani, kuma ina barin muryata ta yi yadda ta ga dama.

Na je wurin mai cajin waya a tashar Buza na roƙe shi ya goge wancan shirin. Ya goge a gabana. Ya ce amma ya riga ya zuba wa mutane da yawa, su ma suna tura wa junansu, har Tawa, har Konni. Na ce ya zuba musu na gyaran. Ya ce zai zuba wa wanda ya nema.

Bara da damina ina tashar Madawa ina jiran motar Bangi, hadari ya haɗu a gabas. Wata mota cike da mutane da buhunan taki ta tsaya kusa da ni, direbanta matashi ne, ban san shi ba. Daga lasifikarsa na ji kaina ina cewa ƙaramar giya, kada a ɗaga ƙafa. Na taso ina ɗaga masa hannu, ina kira. Ya ɗauka fasinja ne, ya nuna mini da yatsu cewa babu wuri, ya ja motarsa ya fita.